Yadda Na Sa Kujerata a Ciniki

Ba zan taɓa mantawa da wata la'asar a unguwar Mansur da ke Makka ba, ko da yake Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawa.

Lokacin ne mutanen Ingila ke dambarwar ficewa daga ƙungiyar da suka haɗa da sauran ƙasashen Turai. Jama'a sun ce a fita, majalisa kuma ta kasa yarda da ƙofar da za a bi. Kullum bayan sallah nakan zauna a shagon shayin Usmanu, talabijin na rataye a sama, ina yi wa mutane tafinta. Na zauna a Landan, na yi fatauci a Abidjan da Khartum, don haka ba fassara kaɗai nake yi ba, har da sharhi. "Ku dubi mutanen nan," nake cewa, "su suka koya wa rabin duniya zaman majalisa, ga shi sun kasa fita daga ɗakin da suka buɗe da hannunsu." (Ina ganin mutane suna gyaɗa kai. Daga baya na gane wasu gyangyaɗi suke yi.)

To, mu ma muna da tamu ƙungiyar. Mazauna Mansur 'yan Afirka ta Yamma, Hausawa da Zabarmawa da Barebari da mutanen Mali, mun daɗe da haɗa kai muka sayi manyan tukwanen shinkafa da farantai da dardumomi. Mai biki ya ɗauka, mai zaman makoki ya ɗauka. Ni ne shugaban ɓangaren Hausawa. Sai aka yi wani biki inda ba a zo kan Hausawa ba sai da nama ya ƙare, aka miƙo musu gayan shinkafa. Rai ya ɓaci, aka taru aka ce a fita. Ni aka ɗora wa zuwa in daidaita yadda za a rabu.

Na je, na sha gahawa har cikina ya ƙulle, na dawo da yarjejeniya. Za mu fita mu kafa tamu ƙungiya, amma za mu ci gaba da aron tukwane har mu sayi namu. Sharaɗin kawai, waɗanda suka rage a tsohuwar ƙungiyar su za su riƙa tsara wanda zai riga ɗauka, mu ba mu da baki. Abin kuma na gaggawa ne, don bikin ɗan Usmanu ya matso, kuma in ba a amince da wani abu ba, babu tukunyar da za ta fito daga sito.

Muka hallara a falon Usmanu da ke saman shagon. Ina gama bayani Malam Sani, wani dattijo Basakkwace da ya fi kowa zafin a fita, ya gyara zama.

"Wagga ba hita ta ba, Malam. Ka hidda mu ta ƙohwa, ka maishe mu ta taga."

Usmanu ya karɓe. "Ni tun farko ban ce a fita ba. Matata Bazabarma ce, in shiga ciki in ce mata me? Kuma shinkafar biki a ina zan dafa, a butar shayi?"

Na ce a ɗaga hannu. Masu son fita suka ƙi yarjejeniyar don ba ta fitar da mu sosai ba, masu son zama suka ƙi ta don ta fitar da mu. Na sake jera maganar, na fara da ƙarshenta, na kawo ta kamar sabuwa. Aka sake ƙi. Sai na ɗauko dabarar da na gani a talabijin, na ce a gwada kowace hanya ita kaɗai. A fita ba tukunya? A'a. A zauna? A'a. A koma a tambayi jama'a? A'a.

Faisal, mijin 'yata, haifaffen Makka ne, Hausarsa da Larabci a cakuɗe suke. Ya dafe kai ya ce, "Ya ammi, ya'ani muna so mu fita, bas ba ma so mu fita? Wallahi kaina ya juya."

A nan ne shaiɗan ya raɗa mini. Na tuna firaministar Ingila ta faɗa wa 'yan jam'iyyarta cewa in sun amince da yarjejeniyarta za ta sauka. Na ce a raina, ni nawa mutanen suna ƙaunata. Ina furtawa za su ruɗe, su ce subhanallahi wa zai riƙe mu, su amince don kunya, sannan su roƙe ni in zauna. Har na shirya yadda zan ɗan ja aji kafin in yarda.

Na miƙe, na gyara mayafin kafaɗata, na sassauta murya. "Jama'a, tunda abin ya kai haka, ku amince da yarjejeniyar nan, ni kuma zan sauka daga shugabanci."

Ban rufe baki ba hannuwa suka tashi. Duka. Malam Sani ya ɗaga biyu. Wani tsoho da ke barci a kusurwa tun farkon taro aka zungure shi, ya ce me aka ce, aka ce masa "zai sauka", sai ya ɗaga sandarsa. Faisal ma ya ɗaga, idonsa a kan darduma.

Na ce wataƙila ba a fahimci tambayar ba. Na maimaita da Larabci saboda samari. Na maimaita da Faransanci saboda mutanen Nijar (waɗanda, a iya sanina, babu mai jin Faransanci a cikinsu). Hannuwa ba su sauka ba.

"Mun ji tun a Hausar, Baba," in ji Usmanu.

Na juya ga Malam Sani. "Ba kai ka ce wannan ba fita ba ce?"

"Har yanzu ba hita ta ba," ya ce. "Amma dai an rage."

Usmanu ya so ya lallashe ni, ya ƙara ɓata lamarin. "Kar ka ji haushi, Baba. Taron da za a gama kafin shayi ya huce, sai ka kai mu Landan, ka biyo da mu Abidjan, magariba ta riske mu a Khartum."

Wani ya yi maza ya ja Fatiha, aka shafa da sauri kamar ana tsoron in canza shawara. Ita dai firaministar da nake yi wa dariya, an ƙi tayinta. Nawa ko tayawa ba a yi ba.

An yi biki, tukwane sun fito, nama ya kai kan kowa. An zaunar da ni a sahun manya, ba wanda ya miƙo mini makirufo.

Abin da na koya shi ne, kada mutum ya sa tafiyarsa a ciniki sai ya tabbata ba a daɗe ana jiranta ba. Kwanan baya muka ɗan saɓa da uwargida, har na buɗe baki zan ce in ba a yi yadda nake so ba zan tattara in koma Kano. Sai na ga hannunta ya motsa. Na yi maza na ce mata miyar ta yi daɗi.