Dokta na Majalisa Ya Karanta Takardar Kansa

Jiya da hantsi na gamu da gamona, kuma ni na jawo wa kaina. Wani ciwo da ya yi wata biyu yana murɗa ni a gefen dama ne ya kai ni asibiti, ni da maiɗakina Lailatu. Lamba ta sittin da uku aka ba ni. Likitan, matashi mai ladabi, idonsa ya yi ja don gajiya. Ya duba hoton cikina, ya yi rubutu, ya ninke takardar, sannan ya ce in ɗan jira a waje zai gana da Hajiya. Ciki nawa, amma shawara da ita.

Ban ga laifinsa ba. Mutum ɗaya ga layi har bakin titi, ina ya ga lokacin bayani? Godiya dai ta tabbata ga Masu Girma, iyayen talakawa, da suka kafa kwamiti shekara uku da suka wuce don ya mayar mana da sunayen cututtuka harshen da muke ji. An yi taro a wani otal a GRA, an ci kaji, an raba jakunkuna masu tambari. Har yau ko kalma ɗaya ba ta fito ba, amma na ji an naɗa ƙaramin kwamiti ya binciki dalili. Allah ya ja zamaninsu.

Ni ban tsaya jiransu ba. Maƙwabciyarmu a Fadaman Mada, Sista Patricia, tsohuwar nas ce, ita ta buɗe mini ido bara.

"Baban Rukayya, kar dogon suna ya ba ka tsoro," in ji ta. "Kamar tsire ne. Tsoka-tsoka aka jera, sai ka zare ɗaya bayan ɗaya."

Ta ce kan kalma shi ke faɗin wurin: gastro tumbi, hepato hanta, nephro ƙoda. Wutsiya kuma ta faɗi abin da ya same shi: in ka ga itis, kumburi ne, in ka ga ectomy, yankewa za a yi a cire. Darasin bai fi rabin awa ba, amma kafin sati ya zagayo an fara kirana Dokta a majalisarmu ta bakin shagon Mansir tela, ni kuma ina amsawa ba kunya. Duk wanda ya dawo daga asibiti sai ya miƙo takarda, in gyara tabarau, in yi gyaran murya.

Har Bakari, mai kiwon shanu a Inkil, ya kawo tasa. Na duba, na zare tsoka biyu, na ce a gaban jama'a, "Hantarka ce ta kumbura." Bawan Allah ya ajiye kofin shayi bai ƙara kurɓa ba. Yayansa ya ja ni gefe.

"Malam, mu da muka ce masa zazzaɓi ne, ba don ba mu ji abin da likita ya faɗa ba ne. Mara lafiya ana gaya masa sauƙi ne, magani kuwa mu za mu tsaya ya sha."

Na yi masa lacca mai tsawo a kan haƙƙin mutum ya san abin da ke jikinsa. Har tafi aka yi mini.

To, jiya Lailatu ta fito daga wurin likita tana murmushin da ya yi yawa. Ta ce, "Ba komai ba ne, Malam. Ɗan wankin ciki za su yi maka ranar Litinin." Ta bar mini jakarta ta tafi karɓo magani. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na zuge jakar, na warware takardar.

Cholecystectomy. Da ma ban iya ba. Amma ido ya riga ya saba: chole ruwan ɗaci, cyst jaka, wato maɗaciya. Sai wutsiyar. Na karanta ta sau uku ko za ta sauya, ta ƙi. Wuƙa ce. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Ashe wanzami ba ya son jarfa. Da wani Mai Girma kalmar nan ta samu, da a cikin jirgin zuwa asibitin ƙasar waje zai ƙarasa karanta ta. Ni kuwa benci na riƙe, na ninke takardar yadda na same ta.

Da muka dawo na leƙa wurin Sista, ko zan ji wani ƙarin bayani. Ashe Lailatu ta riga ni da waya. Matar da ta koya mini zare tsire ta dubi tsabar idona ta ce, "Wanki ne kawai, Baban Rukayya." Na ce na gode.

Da la'asar Lailatu ta kawo mini kunu. Ta manta ludayi sai da ta koma ta ɗauko, amma fuskar nan a sake, tana ba ni labarin wata da aka yi wa irin wankin ta koma kasuwa washegari. Na buɗe baki in ce na sani, sai na ga wannan ƙaryar ce kaɗai ta riƙe ta a tsaye. Na ce, "Ai na faɗa miki ba wani abu ba ne." Ta yi ajiyar zuciya, na shanye kunun.

Ranar Litinin ina neman addu'arku. Kuma don Allah kada wani mai neman lada ya kai mata wannan shafi. Shekara ashirin tana cewa rubutuna surutu ne, ba ta karantawa, yau ne karon farko da na gode wa Allah a kan haka.