Wasiyyata a Cikin Duro

Ko tsufa zai kwashe min komai daga ka, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na yi wasiyya a cikin duron ruwa, alhali lafiyata ƙalau, babu kuma mai nemana da ko tsinke.

Ni ma'aikacin duba-gari ne a Keffi. Aikina bai wuce leƙa kwata, da mahauta, da bayan gidajen abinci ba. 'Yan shekarun baya aka gano wani farin dutse mai daraja a daji, can ta hanyar Nasarawa, kafin ka ce kwabo gari ya tsiro a inda da babu komai sai suri da ƙirya. Ana ce masa Bakin Rami. Wata rana ƙorafi ya iso ofis cewa yaran wurin suna ta gudawa, ana zargin rijiya. Oga ya tambayi wanda zai je, kowa ya sunkuyar da kai. Ni a lokacin na fita amsa waya, ina dawowa na tarar an rubuta sunana. (A gida dai ce wa matata, Maman Walid, na yi wai zaɓo ni aka yi saboda aikin na buƙatar namiji mai dakakkiyar zuciya.)

Sai na faɗi wata gaskiya kafin a fahimci sauran. Tun ina yaro nake mayen fina-finan kaboyi a gidan kallo na unguwarmu. Ba harbe-harben ne suka fi burge ni ba, garuruwan ne: layi ɗaya tal, shagunan katako, maƙeri a ƙarshen layi, kwamin shayar da dabbobi, mutane daga ko'ina sun zo neman zinariya babu wanda ya san uban wani, sai mutum guda mai tauraro a ƙirji yana riƙe da doka. Da na ji an kwatanta min Bakin Rami sai na ce a raina, to, ga irin garin nan Allah ya kawo har ƙofar gida, kuma ni ne mai tauraron. Na sayi malafa mai faɗi, na goge takalman sau-ciki, na rataya katin aiki a wuya.

Mota ta sauke ni a bakin titi, ɗan okada ya ƙarasa da ni ta wata hanya da ta fi kama da kwazazzabo. Muna hawa wani tudu sai ga garin a ƙasa, wallahi kamar a fim. Layi ɗaya ne, rumfunan kwano da zana hagu da dama. Ga maƙeri yana wasa diga, ga mai aski a ƙarƙashin tamfol, ga mai cajin waya da ɗan janareto yana tari. Masallaci jerin duwatsu ne da tabarmi, coci kuwa rumfar leda ce da benci huɗu. Ruwa a jarka ake kawo shi kan baro. Mada, Eggon, Gwandara, Fulani, mutanen Zamfara da na Filato, kowa fari fat da garin dutse, kowa na lanƙwasa Hausa yadda harshensa ya iya.

Aka kai ni wurin Ciyaman, wani dattijo siriri mai suna Malam Isiyaku, wanda masu haƙa suka zaɓa ya riƙa raba musu faɗa. Ya karɓe ni da mutunci, ya dubi malafata sau ɗaya ya kau da kai. Ya zaunar da ni a rumfar Mama Ladi, mai tuwo, wadda aka ce ita ce mace ta farko da ta kafa murhu a garin, tun ana kwana a gindin itace. Ita ce ungozoma, ita ce mai ajiyar kayan mutane, ita ke wanke gawa idan ta mace ce.

Muka je rijiyar. Ko makaho ya san matsalar: tana ƙasan gangare, kududdufin wankin dutse a samanta, masai a gefenta. Da muka dawo mutane suka taru, na hau kan wani buhu na yi jawabi. Maimakon in ce a rufe rijiya a haƙa wata a tudu in yi shiru, sai na zarce. Na ce doka ta iso Bakin Rami. Na ce ni ba irin ma'aikatan da ake tsoratawa ba ne. Har da cewa, "Ni da kuke gani, ban san abin da ake kira tsoro ba." Babu wanda ya tafa. Fuskoki suka ɗaure, na ji wani yana ce wa na kusa da shi, "Korar mu suka zo yi." Ciyaman ya ce zai leƙa wajen aiki ya dawo, ya bar ni a rumfar Mama Ladi da kwanon tuwo.

Ina cikin loma ta uku na ji ana buga ƙarfe daga nesa, kwal kwal kwal, ba ƙaƙƙautawa. Nan take layin ya sauya. Mai aski ya ja mutumin da yake wa aski, rabin kai a aske, suka shige rumfa. Mata suka suri yara. Maƙeri ya ajiye guduma. Aka saki labulen buhu a ƙofofi. Cikin minti ɗaya babu kowa a waje sai wata akuya.

Na san wannan wurin a fim. Haka gari ke yin tsit idan miyagu sun doso.

Mama Ladi ta kife faranti a kan tukunya ta ce, "Ɗana, ka shigo daga ciki, yanzu za su fara."

Na ce, "Su wa, Mama?"

Ta riga ta shige. Sai ƙasa ta girgiza. Ƙara ta farko ta ɗaga ni daga benci, ta biyu ta zo da tsakuwa tana zuba kan kwano kamar harsashi. Ban tsaya jin ta uku ba. A bayan rumfar akwai wani shuɗin duro na roba, babu ruwa sai ɗan guntu a gindi. Har yau ban san yadda mai tumbi irina ya shiga ba. Na dai tsinci kaina a dunƙule, gwiwa a haɓa, na jawo murfi na rufe.

Da na gama duk addu'ar da na haddace, sai na laluba waya. Na fara da Oga, na danna saƙon murya: "Ranka ya daɗe, 'yan bindiga sun shigo Bakin Rami, da manyan makamai. A turo sojoji yanzu-yanzu." Sannan Maman Walid. Na ce ta yafe min. Na ce ta kula da yara. Na ce ba jarumta ta sa aka turo ni ba, kowa ne ya ƙi zuwa. Kuma na ce dambun naman da yayarta ta aiko da shi daga Kano, wanda na ce ɓera ne ya cinye har na sayo tarko, ba ɓera ba ne, ni ne.

Abin da ban sani ba, duron roba ba ya ɓoye magana, ƙara mata ƙarfi yake yi. Kuma ban lura an daina ƙarar tun tuni ba.

Aka ɗaga murfi. Haske ya shigo, sai fuskar Mama Ladi, a bayanta fuskoki sun kai talatin, har da mai rabin aski.

Ta ce, "Ɗana, nakiya ce. Kullum kafin azahar ake fasa dutse. Ƙarfen da ka ji, na gargaɗi ne."

Na yi yunƙurin tashi in ce ai na sani, duba tsabtar duron nake yi. Duro ya ce bai san zance ba. Sai da aka kwantar da shi, maza biyu suka riƙe gindi, maƙeri ya kama ni ta hammata, aka zaro ni kamar ana fid da dodon-koɗi daga kwansonsa. Wandona jiƙe. (Ruwan gindin duron ne. Na faɗa a ranar, ina kuma nan a kan bakana.)

Dariya ta ɓarke, wasu har da zama a ƙasa. Mutum ɗaya ne bai yi ba. Ciyaman ya dawo, an gaya masa abin da aka ji, ya tsuguna a gabana ya yi magana a hankali.

"Malam, da gaske ka ce a turo sojoji?"

Dariyar ta ɗauke. Ya ce in aka zo da sunan 'yan bindiga, ba za a tsaya tambaya ba. Za a watse garin, a kama matasa, wataƙila wani ya tsorata ya gudu a harbe shi. Ya ce akwai waɗanda suka sayar da gonarsu suka zo nan. Na dubi matan da ke goye da yara, sai na ji kunyar duron ba komai ba ce.

Na buɗe wayar, kawuna suka taru a kaina. A gefen saƙon Oga akwai ɗan hoton agogo. A gefen na Maman Walid ma haka. Ma'ana babu saƙon da ya tafi. Ashe a duk Bakin Rami sabis ba ya kamawa sai an hau kan tudu.

Ban taɓa jin daɗin rashin sabis irin na ranar ba. Na goge na Oga a gaban kowa, Ciyaman ya sauke ajiyar zuciya ya ce alhamdu lillahi. Zan goge na biyu Mama Ladi ta riƙe min hannu ta ce, "Wannan kam bar shi ya tafi. Baiwar Allah tana can tana zargin ɓera."

Na dai goge.

Abin mamaki, bayan nan ne aka saurare ni. Mama Ladi ta ba ni zani na ɗaura, aka shanya wandona a kan igiya, na zauna a benci na sake bayanin rijiyar ba tare da hawa buhu ba. Mata suka yi ta tambaya, na nuna musu yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari. Maƙeri ya ce shi zai ba da diga. Kafin sati biyu an rufe tsohuwar rijiyar an haƙa sabuwa a tudu, gudawar yara ta lafa. Na koma sau da yawa, kuma har yau sunana a can Oga Duro.

A gida na yi gum, na ce aiki ya yi kyau. Na manta 'yan okada suna da baki, kuma matar ɗayansu tana sayar da manja a kasuwar Keffi. Kwana uku bayan nan Maman Walid ta ajiye min abinci, ta zauna tana tsince shinkafa, ba ta ko dube ni ba ta ce, "Baban Walid, maganar dambu, na sani tun ranar. Ɓera ba ya mayar da murfin roba ya rufe."

Abin da na koya kaɗan ne, amma na riƙe shi da kyau. In ka je baƙon wuri ka ga mutane suna gudu, dubi fuskarsu kafin ka dubi ƙafarsu. Wanda ya tsaya rufe tukunya ba mutuwa yake gudu ba. In kuma har ta kama sai ka yi wasiyya, yi ta a hankali, don wataƙila ka rayu.