Ranar da Aka Samo Wasan Malam Nomau

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki shagon Malam Nomau Tela ya san abu biyu. Ɗinkin zai yi kyau, kuma ba zai bar shagon ba sai ya ji labarin yadda Malam ya fito a talabijin. Mutum ne da Allah ya hore wa baki. In ya fara zuba, keken ɗinkin ma kan gaji ya tsinke zare, shi ko yawu bai haɗiye ba. Mai zuwa karɓar wando da hantsi sai ya ji kiran azahar yana tsaye, wandon a hannunsa.

Labarin na wani tsohon wasan kwaikwayo ne, Rumfar Bawa Mai Faci, wanda ake nunawa duk Alhamis shekara arba'in da suka wuce, zamanin da akwatin talabijin guda ɗaya ne tak a garin, mai hoto baƙi da fari, a gidan kallo na bakin kasuwa. A faɗar Malam Nomau, a fitowar da akuya ta cinye wa Bawa robar faci, shi ne ya shigo rumfar da babbar riga ya yi wa Bawa wankin babban bargo, har mai ɗaukar hoto ya saki na'ura don dariya. Farkon fara ba da labarin, jawabin na minti uku ne. Da shekaru suka tura ya kai minti ashirin, har da tafi. Da shi ya samu laƙabin Na-Talabijin, kuma da shi ya auri Laure, wadda ta bar direban babbar mota da malamin asibiti ta zaɓe shi.

Gaskiyar magana kuwa, shi da Allahnsa suka san ta. Kayan 'yan wasan ya ɗinka ya kai musu birni, gidan talabijin na gwamnati. Ya tarar da benci a bayan rumfar mai gajeriyar ƙafa ɗaya, da an motsa sai ya yi ƙara, ƙarar ta shiga na'ura. Mai ba da umarni ya dubi Nomau sama da ƙasa, ya ga yana da nauyi, ya ce ya kwanta a kai ya danne shi. Aka lulluɓe shi da bargo tun daga kai, aka gargaɗe shi cewa ko tari ya yi za a fitar da shi waje. Iyakar abin da ya yi ke nan.

Sa'a ce ta yi ta binsa. Alhamis ɗin da aka nuna wasan, garin kaf aka cika gidan kallo don a ga Nomau, ana fara kiɗan buɗewa aka ɗauke wuta. Bayan wasu shekaru ya je gidan talabijin ɗin da kansa, wai neman kwafi, aka ce masa ai tuni aka naɗi labarai a kan kaset ɗin, don a lokacin haka ake yi in kaset ya yi ƙaranci. Ya fito yana girgiza kai, zuciyarsa fari ƙal. Tun daga ranar ya ƙara wani babi a labarin, na cewa ƙasar nan ba ta san darajar tarihi ba.

Wata Asabar yana cikin wannan babin ne Barau mai goro ya yi sallama. Barau taubashinsa ne, ɗan mace, kuma tun suna yara babu abin da ke masa daɗi kamar ya ga Nomau cikin tsaka mai wuya. Ya zauna, ya zaro wani ɗan filashi kamar ƙwallon dabino ya ajiye a kan keken.

"Ɗan'uwa, share hawayenka. Tarihi ya dawo."

"Wane tarihi?"

"Rumfar Bawa Mai Faci. Ashe wani tsohon hedimasta a birni ya naɗe shi duka a kaset ɗin bidiyo a gidansa, 'ya'yansa suka juye. Yanzu haka yana wurin Ilu mai tura finafinai. Na ce ya sa mini na akuyar nan, naka. Ban kalla ba, na ce sai muna tare."

Allura ta soki Malam Nomau a yatsa, bai ma ji ba. Ya ce tsofaffin hotunan nan suna kashe ido. Barau ya ce kowa zai zo da tabaronsa. Malam Nomau ya ce yanzu zamani ya lalace, da kwamfuta ake cire mutum daga hoto a sa wani. Barau ya ce ai Ilu ko kunna kwamfutar sai ya yi bismilla sau uku, ina shi ina cire mutum. Kuma ya riga ya gaya wa 'yan majalisarsu ta hira cewa za a kalla ranar Juma'a bayan la'asar, a gidan Nomau, tunda shi ke da babban talabijin ɗin da 'yarsa ta aiko masa.

Dariyar 'yan majalisa ba ta dame shi sosai ba, kwana bakwai ce ta wuce. Laure ce damuwarsa. Tun da ta ji labari take rawar jiki, ta jiƙa aya, ta aika aka sayo ƙanƙara, ta fito da atamfar da ta ɓoye don bikin jikarta. In ya dube ta sai ya tuna cewa a kan wannan jawabin ta bar direban babbar mota, wanda yanzu yake da gidan mai biyu. A ranar Juma'ar nan, a garin kaf, Malam Nomau ne kaɗai ya ɗaga hannu a masallaci yana roƙon a ɗauke wuta.

Kuma aka amsa masa. Mutum tara sun zauna a falo, an zuba kunun aya, Barau ya cusa filashi, sai fanka ta yi shiru, talabijin ya mutu. Malam Nomau ya miƙe yana kakkaɓe riga, fuskar nan kamar ta mai karɓar gaisuwar mutuwa.

"To jama'a, Allah bai nufa ba. Haka aka yi wancan karon ma. Sai mu ɗauki ƙaddara."

Daga bayan labule Laure ta ce, "Zauna, Malam. Tun jiya na aro janaretan maƙwabta, har mai na sa an cika. Wuta ta hana ni ganinka ina budurwa, ba za ta hana ni da furfurata ba."

Janareta ya tashi, kiɗan buɗewa ya tashi, tsofaffin nan suka hau gyaɗa kai suna bin waƙar, wani har da share ƙwalla. Ga Bawa da hularsa mai huji, ga akuya tana tauna roba, falo ya kaure da dariya. Minti goma babu babbar riga. Minti ashirin babu.

"Na-Talabijin, yaushe za ka shigo ne?" in ji Alhaji Jatau mai hatsi.

"Ku dai zuba ido," in ji Malam Nomau, da wata 'yar siririyar murya da babu wanda ya san yana da ita.

Suka zuba ido har aka kama akuya, aka fara jero sunaye. Barau ya tsayar da hoton ya juyo, gemunsa na rawa.

"Ɗan'uwa, ko kwamfutar Ilu ce ta cire ka?"

Babu sauran wurin gudu. Malam Nomau ya ja ƙafa zuwa gaban talabijin ya ɗora yatsa a can lungun hagu, bayan tarin tsofaffin tayoyi. Benci ne da bargo a kai, a ƙarshen bargon tafin ƙafa biyu sun leƙo, faso ya tsattsaga su, ƙuda ɗaya na zirga-zirga a tsakaninsu.

Alhaji Jatau ya ƙware da kunun aya. Wani ya sulale daga kujera ya dafe ciki. Barau kuwa sai da ya nemi bango ya jingina kafin ya iya magana.

"Wannan ai ko buhun dawa aka sa wa ƙafa zai yi. Wa ma ya ce kai ne? Ni ban yarda ba sai an kawo shaida."

Sai labule ya ɗaga. Laure ta fito da sabuwar atamfarta, ta sa tabarau, ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Malam Nomau ya sunkuyar da kai yana jiran a ambaci direban babbar mota.

"Shi ne," ta ce. "Ga babban yatsan nan da taka keke ya karkatar." Ta juya wurin Barau. "Wasan nan minti nawa ne?"

"Talatin cif, Hajiya."

"Kuma tun daga farko har ƙarshe bai ce uffan ba?"

"Ko tari bai yi ba."

Ta kwance bakin mayafinta ta ciro wayarta ta miƙa masa. "Ka kai wa Ilu ya tura mini. In da hali ya sa ya riƙa maimaita kansa."

Malam Nomau ya ɗago, kunya da mamaki sun haɗe masa. "Laure, me za ki yi da shi? Ba ki ga ban ce komai a ciki ba?"

"Shi ya sa, Malam. Shekara arba'in ina jiran ka yi mini irin wannan a gida, ashe tun kafin aurenmu ka yi wa gwamnati."