Ranar da Aka Kira Mai Goro Ya Zaɓi Tabar Manya

Jama'a, ranar Talatar da ta wuce ma ban samu mai ba. Na faɗa tun da wuri ne don masu tare ni a ƙofar masallaci da tambaya su huta. Tun bayan asuba na jera tsohuwar motata a layin wani gidan mai da ke hanyar Numan a Jimeta, hantsi ya same ni a wurin, azahar ma ta zo ta tarar ban matsa ko taku ɗaya ba. Abin da na samo a madadin mai shi ne ilimin zaɓen taba, ni da ban taɓa sa kara a bakina ba.

Ina zaune a inuwar motar tare da maƙwabcina Hamajoɗa mai goro, wanda layin mai ya zama kasuwarsa tunda aka fara wannan wahalar. Mutumin Mubi ne. Shekarar da rikici ya sa aka yi gudu a ƙafa ya iso Yola da matarsa Goggo Hafsah da wuƙar goronsa, ya samu ɗaki a unguwarmu can bayan Damilu, bai sake komawa ba. Goggo tana da ciwon sukari, allura take yi safe da yamma, allurar kuma ba ta son zafi. Asibitin sha-ka-tafi na unguwarmu ba shi da firji, don haka kwalbar tana zaune ne a kasuwa wurin wata mai sayar da kifin ƙanƙara. Ranar da injin mai kifi ya rasa mai, allura ta lalace. Sau biyu Goggo tana faɗuwa a zafin bana.

Ba wai babu firjin ba ne. Wasu bayin Allah daga waje sun ba asibitinmu sabo ful, mai aiki da hasken rana, wata bakwai ke nan. Yana gidan wani babban mutum yana jiran abu biyu, sa hannu da bikin miƙawa. Ba zan kama sunansa ba, mu dai kira shi Mai Girma Bangon Marasa Gata. Ni na rubuta takardar roƙon a sako firjin, Hamajoɗa ke yawo da ita a aljihun gaba har ta fara yagewa a wurin ninki.

Muna cikin hira sai ga wata baƙar mota mai baƙin gilashi ta biyo hannun da ba nata ba, ta tsaya a gabanmu. Wani mai kwat a wannan zafin ya sauko, ya ce sunansa Zadok, shi ne mai riƙe wa Mai Girma jaka, kuma Mai Girma yana son ganin mai goro yanzu-yanzu. Hamajoɗa ya dafa aljihunsa, ya dube ni. Na kulle mota na bi shi a matsayin tafinta, tunda na san ko na tafi Makka na dawo layin nan yana nan inda na bar shi.

A hanya Zadok ya warware mana zancen. Mai Girma ya je taro a ƙasar waje kan yadda za a share wa waɗanda rikici ya raba da gidajensu hawaye. Ban san abin da aka tattauna ba, amma abin da ya dawo da shi shi ne cewa manyan duniya ba sa shan taba sigari irin ta 'yan tasha. Wata ƙatuwa suke sha mai kaurin rake, wadda aka naɗe da zallar ganye, suna ce mata siga. Ya saya ya ba wani baƙo Bature, baƙon ya zuƙa sau ɗaya ya yi tari har da hawaye, ya ce jabu ce. Wannan abin kunya ya hana Mai Girma sukuni. Ya kafa kwamitin mutum biyar, suka tafi ƙasashe biyu neman ilimi, suka dawo da rahoto cewa a riƙa sayen wadda akwatinta ya fi ƙyalli. Ga wasu baƙin suna tafe. Sai uwargidansa ta tuna masa cewa duk bikin da aka yi a gidan nan Hamajoɗa ke kawo goro, ba a taɓa samun ɓatacce ko ɗaya ba, mai irin wannan hancin ba za a cuce shi a kan ganye ba.

Ku yi wa Allah ku ce ba mu da shugabanni masu hangen nesa. Wane ne a cikinku zai tuna da talaka a irin wannan babban al'amari na ƙasa?

Muna shiga gidan, kafin mu kai falo, Hamajoɗa ya taɓa ni da gwiwar hannu. Ga firjin can a rumfar motoci, cikin kwalinsa, an rubuta sunan unguwarmu ɓaro-ɓaro a jiki, wani ya shanya tsumman goge mota a kai. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Falon kuwa sanyi kamar an buɗe ƙofar tsaunin Mambila. Mai Girma yana kishingiɗe, 'yan kwamiti biyar suna zaune a jere, kowa da fayil a cinya. A kan tebur an baje akwatuna tara na katako, kusa da su wani ɗan kasuwa mai suna Harrison, wanda ya kawo kayan, yana ta murmushi. Ya rantse mana da Turancin kasuwa cewa kowace ɗaya daga ƙasar Kuba ta zo, hannu da hannu, ko kwastan bai shaƙi ƙamshinta ba.

Hamajoɗa ya durƙusa ya kira shi yadda ake kiran manya a nan, ya ce, “Barkama, ni ban sha taba, babana ma bai sha. Amma in ganye ne, a kawo.” Ya nemi ruwa ya wanke hannu. Na ga bakinsa ya ɗauko bisimilla, ya tuna abin da zai taɓa, ya mayar da ita a'uzubillahi.

Daga nan na ga aiki. Ya ɗauki ɗaya ya matsa a hankali tsakanin yatsu biyu tun daga kai har gindi. Wadda ta yi tauri kamar itacen girki ya ce ta bushe, wadda ta lotsa ba ta taso ba ya ce ta sha ruwa, wadda wani wuri tauri wani wuri taushi ya ce mai naɗin yana sauri zai tafi gida. Ya kai wata kunne ya murza, ya ji tana ƙaras-ƙaras, ya ajiye ta gefe. Ya duba fatar kowace a hasken taga, yana neman mai santsi da ɗan maiƙo, wadda launinta bai rabu biyu ba. A akwati na huɗu ya tsaya, ya nuna wasu 'yan ƙananan huji kamar na allura, ya buga tabar a kan fayil ɗin shugaban kwamiti, gari ya zubo. Ya ce wannan sankara ce, irin ƙwaron da ke cin goro daga ciki, in aka bar akwatin nan kusa da sauran duk zai gama da su. Shugaban kwamiti ya rubuta sankara a fayil ya ja layi biyu a ƙasa.

Sai aka zo kan hanci. Wani akwatin ya ce warin garken awaki yake, ganyen bai nuna ba aka naɗe. Wani kuma kafur da kwali. Da ya iso kan mai ruwan zinare, wanda kwamiti ya zaɓa da baki ɗaya, ya shaƙa sau ɗaya, ya zaro wuƙar goro ya tsaga guda biyu a tsaye kafin kowa ya hana shi. Maimakon dogon ganye sai ga ɓarɓashi, da kara, da wani zare da na tabbata daga buhun masara ya fito. Harrison ya ce lallai a jirgi aka musanya masa. Gumi yake yi a cikin wannan sanyin.

Cikin akwati tara, biyu suka tsira, kuma su ne marasa ado. Mai Girma ya tashi zaune, fuskarsa ta washe, ya ce tun da yake bai taɓa ganin gwani irin wannan ba. Ni ma gaskiya na ji alfahari. A duk falon nan mutum ɗaya ne ya yi aikin da aka kira shi ya yi, kuma shi kaɗai ne ba a ba kujera ba. Hamajoɗa ya ga fuska ta yi kyau, ya sa hannu a aljihu, takarda ta fito rabi.

A daidai nan Harrison, don ya wanke kansa, ya ce saura ajiya. Ya ce wannan kaya ba ya jure zafin Yola, yana son wuri mai sanyi-sanyi, akwai akwati na musamman da ake yi masa amma sai an yi oda, zai ɗauki watanni. Mai Girma ya shiga tunanin al'umma. Can ya juya ya ce, “Zadok, ba akwai wani firji a rumfar motoci ba? Wanda ba ya buƙatar wuta?”

Na ji Hamajoɗa ya ja numfashi. Da ni ne, da na fashe da kuka na kama ƙafa. Shi kuwa sai ya yi abin da ya iya, ya faɗi gaskiyar sana'a. Ya ce firji yana tsotse ruwan ganye, ko goro aka sa a ciki kwana uku ya yanƙwane. Abin da kayan nan ke so shi ne sabuwar randa a inuwa, a zuba yashi mai laima a ƙarƙashinta, a rufe bakin da jiƙaƙƙen buhu. Don ya ƙarfafa maganar ya ƙara da cewa, “Wallahi Barkama, a zafin nan namu randa ya fi firji. Ba ya lalace, ba ya neman makaniki.” Sannan ya miƙa takardar da hannu biyu, ya ce firjin na asibitin unguwarsu ne, matarsa tana jiransa.

Mai Girma ya karanta takardar har ƙasa, abin da ban yi zato ba. Ya dubi 'yan kwamiti ya ce, “Kun ji ko? Randa ta fi firji. Masani ne ya faɗa, ba ni ba. Mun zauna muna raina ilimin iyayenmu, muna jiran Turawa.” 'Yan kwamiti suka gyaɗa kai a tare. Ya zaro alƙalami ya yi rubutu a gefen takardar, ya sa hannu, ya miƙa wa Zadok. Na leƙa na gani. An amince a ba asibitin unguwarmu randa shida.

Hamajoɗa ya ce ba haka yake nufi ba, allura daban ganye daban. Zadok ya riga ya kama hannun rigarsa yana cewa Mai Girma zai shiga ganawa. Game da tabar kuwa, Mai Girma ya ce ya ji shawarar masani kuma ya gode, amma ba zai yiwu baƙi daga ƙasar waje su ga mutum kamarsa yana zura hannu a randa ba. Muna fita muka wuce mutum huɗu suna kwance kwalin firjin.

Da muka isa gida da la'asar Goggo Hafsah tana bakin ƙofa a kan tabarma. Ta tambaye shi ko an sa hannu. Ya ce an sa. Ta ɗaga hannu ta yi wa Mai Girma addu'a mai tsawo, har da iyayensa da jikokinsa, mu biyu muna tsaye muna cewa amin. Na jira ya ƙarasa mata zancen, bai ƙarasa ba, ni ma ban ga fuskar yi ba.

Abin da aka kasa yi a wata bakwai sai ga shi an yi a kwana huɗu. Ranar Asabar aka kafa rumfuna a gaban asibitin, aka kawo kujerun roba da lasifika da masu ɗaukar hoto. Goggo ta ci ado da zanen sallarta, ta zauna a sahun gaba. Mai Girma bai samu zuwa ba, ya turo wakili, wakilin ya yi jawabi a kan dogaro da kai. Aka yaye farin ƙyalle, sai ga randuna shida a jere, kowace an ɗaura mata jan zare a wuya. Ma'aikaciyar asibitin ta dube su, ta dubi sama, ta shige ciki ta rufe ƙofa.

Goggo ta juyo ta tambaye ni, ba da ƙarfi ba, wane marar imanin ne ya ba su wannan shawarar. Ban kai ga amsa ba mai lasifika ya ce a tafa wa masanin da ya haska wa hukuma hanya, ɗan unguwa, abin alfaharinmu, Malam Hamajoɗa, ya fito ya karɓi takardar yabo. Aka tafa. Ya fita ya karɓa, don babu yadda zai yi. Goggo ko kallonsa ba ta yi ba. Ta tashi ta naɗe gyalenta, ta tari Keke zuwa kasuwa, saboda lokacin allurar yamma ya yi kuma kwalbar tana can a tsakanin kifi.

Jiya na ji labari cewa tabar manya ta bushe a firji ta tsattsage, baƙi kuma saura mako guda. Baƙar motar ta sake zuwa layin mai neman gwani. Hamajoɗa ya aika a gaya wa Barkama cewa mura ta kama shi, hancinsa ba ya jin komai. Ni ma na duba shi a matsayina na tafinta, mura ce mai tsanani, ban ga alamar za ta sake shi kafin zaɓe ba.