Ranar da Keke Ya Naɗe Ni

Tun da na sayi keken lantarki mai naɗewa don zuwa aiki Ƙanƙara daga Ƙetare, na kasa zama wuri ɗaya. Ko gishiri ya ƙare a gida, ni ke zuwa saye.

Wata Juma'a na tarar da surukina zaune da dattawa a gindin darbejiya. Maimakon in durƙusa in gaishe su in wuce, sai na naɗe keken a gabansu, na buɗe, ina ta bayani kamar ni na ƙera shi.

Surukin nawa, Alhaji, ya nuna ya ce, "Wannan ƙarfen na tsakiya haka ake barin shi?"

Na ce, "Baba, ai haka aka yo shi."

Ashe garin sauri ban kulle shi ba. Na hau zan tafi, ina murɗa hannu keken ya zabura, ya faɗa ɗan rami, ya rufe da ni a ciki. Na miƙe da bakin riga a kaina, hulata tana can wajen awaki. Dattawa suka yi ta sannu, kowa ya toshe baki.

Har yau in na je gaisuwa, kakar matata takan dube ni ta ce, "Maigida, yau a miƙe ka zo? Wa ya buɗe ka?"