Askin da Na Yi wa Sarauniya

Da babanmu ya rasu, 'yan'uwana suka kwashe gona, ni aka miƙo mini gwangwanin kan sarki na zamanin Turawa, masu hoton Sarauniya.

Shekarar da aka ba mu jiha, wani ma'aikaci da aka turo daga Yola ya ce yana sayen irinsu da tsada. Nan take na hango kwano a kan ɗakina na Nukkai kafin damina.

Da na baje su, sai na ga gefensu duk haƙora-haƙora, kamar ɓera ya ci. Wa zai kai wa mai ilimi wannan ƙazanta? Na ɗauki almakashin matata na daidaita su tas. Ta ce, "Baban Ladi, ka tambaya tukuna." Na ce ta kula da tukunyarta.

Mutumin ya ɗora gilashi, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Malam, haƙoran ne shaidar. Masu jabu ma gefe biyu suke yankewa, kai ka yanke huɗu."

Ko ɗaya bai saya ba. Ruwa ya same mu ƙarƙashin ciyawa. Har yau in na wuce majalisa, sai wani ya cire hula ya ce, "Wanzamin Sarauniya, yau akwai aski?"