Kamu Biyu

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da zan kai shekara ɗari, da ranar da muka kai kayan ɗakin Binta daga Pauwa zuwa Daudawa. Binta ɗiyar ƙanwata ce mai rasuwa, a hannuna ta tashi. Lokacin Turawa ba su tafi ba, mota kuwa sai a yi kwanaki ba a ji kukanta ba a wajenmu.

Ni mace ce da ba na yarda da idon kowa sai nawa. Ko hura aka dama a gidana sai na leƙa ƙwaryar. To, wannan halin ne ya kai ni.

An samo mana motar Malam Sule, mai ɗaukar auduga. Shi wannan bawan Allah ya kafa wani ɗan ɗaki na katako a bayan motarsa, inda yake kwana in tafiya ta yi nisa, ɗakin ya zarce gindin motar ya yi baya kamar rumfa. Mata muka cika ɗakin, kaya ba su sami wuri ba. Sai aka ce a loda su a amalanke, a ɗaura wa motar ta ja. A ciki akwai ƙoren jere, da tukwane, da tasoshi, da randar uwar Binta, wadda na ɓoye shekara goma sha ina jiran wannan rana.

Ƙugiyar da za a ɗaura amalanken tana can ƙarƙashin ɗakin, sai an haɗa da sanda. Baba Maƙeri ya zo da sanduna biyu masu bakin ƙarfe, ɗaya tsawonta kamu huɗu, ɗaya kamu biyu.

Ya ce, “Doguwar za a sa.”

Na ce, “Don mi? Kaya su yi can baya, ni ina nan? In faifai ya faɗi wa zai gani?”

Malam Sule ya ce, “Inna, mota ba jaki ba ce. In na sha kwana, gindinta na buƙatar wuri.”

Na ce, “Gindinta ya yi haƙuri. Ina son in miƙa hannu in taɓa randar nan.”

(Ni da ban taɓa hawa mota ba sai ran nan, ni ke koya wa direba tuƙi.) Baba Maƙeri ya dube ni, ya dubi sama, ya ɗaura gajerar. Ya san ni. Duk Pauwa an san ni.

Muka kama hanya. Ina zaune bakin ƙofar ɗakin, ƙafafuna na lilo, hannuna bisa randa. Duk inda hanya ta miƙe lafiya lau. Har na riƙa juyawa ina ce wa matan, “Kun gani? Da na biye wa maza da yanzu muna tsintar kaya a daji.” Malam Sule kuwa duk kwanar da ya tarar sai ya yi faɗi da ita, ya bi ta cikin gona. Ni ina cewa rashin iya tuƙi ne.

Amma a bakin gidan ango babu gona. Lungu ne tsakanin katanga da bishiyar kuka. Dangin ango sun fito, wata tsohuwa ta kama hanci ta fara guɗa. Motar ta karya dama.

Na ga abin da idona, tunda dai ganin na nema. Kusurwar ɗakin katakon ta juyo a hankali, ta sami kayan nan, ta tafi da su kamar ana share tsakar gida. Randar ta fashe a ƙarƙashin tafin hannuna. Tukwane suka bi, ƙore suka watse, wata tasa ta gangara har gaban uwar ango ta yi ta juyi, ta ƙi tsayawa. Guɗar ta mutu a tsakiya. Ni kuma bakin zanena ya maƙale a amalanke, na sauko ba da niyyata ba, na zauna daɓas cikin tsingaro.

Uwar ango ta ce, “Wane mahaukaci ya ɗaura wannan?”

Malam Sule, Allah ya jiƙansa, ya ce, “Ni ne.” Amma mata goma sha suna cikin motar, kuma ko ɗaya ba kurma.

Tukwane an sake, ƙore an sake. Randa ce babu. Da aka kawo Binta washegari na gaya mata da bakina. Ba ta yi kuka ba, sai ta tambaya ko akwai guntun da ya rage. Na ba ta bakin randar. Ta ajiye shi ƙarƙashin gadonta har ta haifi ’ya’ya shida, duk zuwan da na yi sai na gan shi. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Har yau a Daudawa ba a san sunana ba, Inna Kamu Biyu ake ce mini. Halina kuwa bai bar ni ba, har gobe ina leƙa ƙwarya. Sai dai abin da nake tsoron rasawa, yanzu nakan ja baya kamu huɗu in dube shi daga can.